Gadon da alƙali bai raba mana ba

Sana'ata hatsi. Shekara 24 ke nan da na samu rumfar kaina a Tudun Hatsi a nan Gombe, ina tara masara da wake da dawa daga ƙauyukan Dukku da Kumo da Bajoga, ina yi wa 'yan kudu lodi. Duk wanda ya san wannan sana'a ya san da zarar ka ɗan yi ƙarfi, ƙafarka ta huta. Yaranka ne ke shiga ƙauye, 'yan dako ne ke ɗaukar buhu, kai naka zama a kan benci da waya biyu, kana ciniki kana tauna. Mai masa ta zo da hantsi, mai fura ta zo da azahar, mai tsire ya biyo bayan la'asar. Baƙo ya sauka daga Anacha a aiko masa lemon kwalba mai sanyi, kai kuma ba ka bari ya sha shi kaɗai.

Lokacin da na yi aure a 2001 siriri ne ni kamar sandar makiyayi, irin jikin gidanmu. Zuwa farkon 2022, wata rana yara suka tsokane ni na hau sikelin da muke auna buhu. Kilo 113. Kasuwa ta ɗauki ihu, wai Alhaji ya fi buhun masara. Maƙwabcin rumfata, wanda muke cin abinci a kwano ɗaya tun muna yaran shago, shi ma ya hau, allura ta wuce tawa ta tsaya a 128. Muka yi dariya muka sauka. A garinmu teɓa ba abin kunya ba ce. In ka je ɗaurin aure a ce maka “Alhaji, hutu ya karɓe ka,” kai kuma ka ce “Alhamdu lillahi,” har cikin ranka.

Ciwon ya same ni a dare na uku na Babbar Sallar 2022, cikin watan Yuli. Ba sai na lissafa abin da na ci a kwanakin nan ba, kowa ya san yadda gidan da aka yanka rago biyu yake: kayan ciki ranar farko, soyayyen nama kwance cikin kitsensa, kai da ƙafa, ga lemo katan-katan saboda baƙi. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na farka da wani ciwo a saman cikina, daidai ƙasan ƙirji, kamar an kafa mini ƙusa ta gaba tana neman ɓulla ta gadon baya. In na kwanta rigingine sai ya ƙaru, in na zauna na duƙa sai ya ɗan sassauta. Amai kuwa har babu abin da ya rage. Uwargida ta ce olsa ce, ni ma na ce olsa ce, don a wurinmu duk ciwon da ke tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Aka buga wa wani mai kemis ƙofa, ya ba da farin ruwan nan da ake girgizawa. Na sha kusan rabin kwalba, ko gezau. Ana kiran assalatu aka sa ni a mota.

A asibiti aka ɗebi jinina aka tafi da shi. Can sai ga yaron ɗakin gwaji ya dawo yana ba da haƙuri, wai a sake ɗiba, yana jin wani abu ya gauraya da na farkon. Aka sake. Da rana likita ya zo bakin gadona da 'yar kwalbar a hannu, ya ɗaga ta saitin taga. Ƙasanta ja ne kamar kowane jini. Samanta kuwa, inda ya kamata a ga ruwa garai-garai mai ɗan rawaya, fari ne fat kamar an kwantar da kindirmo.

“Alhaji, wannan jininka ne,” in ji shi. “Ka yi haƙuri da tambayar da zan yi maka. Kana shan giya?”

Da ba don ciwo ya ɗaure ni ba da na tashi na bar masa gadon. Ya ce kada in ji haushi, dole ce ta sa. Abin da ya kumbura a cikina wani sashe ne da ke kwance bayan tumbi, su suna kiransa fankiriyas, shi ke fitar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, da kuma ruwan da ke narkar da abinci. Abu biyu ne suka fi kumbura shi: tsakuwa a matsarmama, da giya. Hoton cikina bai nuna tsakuwa ba, giya kuma na rantse masa. Saura na uku, ga shi a kwalba, maiƙo ya yi wa jinin yawa. Sunan irin wannan maiƙon tiraigilisarayid, sunan da sai da na yi wata guda kafin harshena ya iya juya shi. A ma'aunin da suke aiki da shi, na lafiyayyen mutum bai kamata ya kai 1.7 ba. In ya haura 10, fankiriyas na cikin haɗari. Nawa 31.

Kwana 9 na yi a kwance. Kwanakin farko ko ruwa ba a bari in haɗiya, sai ƙarin ruwa da insulin ta jijiya. A nan ne kuma aka gano ciwon suga ya fara shigo mini ban sani ba. Wanda ya taɓa kwanciya a asibiti cikin damina ya san sauran.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan an sallame ni ya zo. Maƙwabcin nan nawa, da ya ga yadda na dawo, tsoro ya kama shi. Ya ce gemun ɗan'uwa ya kama wuta, bari ya shafa wa nasa ruwa. Ya kwana bai ci komai ba, ya je aka gwada shi. Washegari ya shigo gidana yana kaɗa takarda. Maiƙon da ya kusa kai ni kushewa, nasa 1.4. Kolestarol ɗinsa ma, wato wani nau'in maiƙon jinin daban, lafiya lau. Mutumin da ya fi ni da kilo 15, wanda in muka sa hannu a kwano ni ke fara tsamewa, wanda shi ke siɗe man shanun da ya kwanta a gindin kwanon miya. Na taya shi murna da baki. A zuci kuwa, Allah ya yafe mini, wani abu mai ɗaci na haɗiye.

Ranar da na koma ganin likita na ajiye masa takardun biyu a tebur, na ce, “Likita, ka raba mana gardama. Kun ce ƙiba ce. To ga wanda ya fi ni ƙiba.”

Ya duba, ya yi murmushi, sai ya tambaye ni yadda ake sauke kaya a kasuwarmu. Na ce motoci na shigowa, 'yan dako na saukewa su kai sito. Ya ce to haka jini yake. Maiƙo ba ya haɗuwa da ruwa, don haka jiki ba ya sakinsa haka nan cikin jini, sai ya ƙunshe shi cikin wasu 'yan ƙananan ƙunshi. Su ne motocin. Wasu daga hanji suke tasowa bayan ka ci abinci, wasu kuma hanta ce ke lodinsu dare da rana. A bangon ƙananan jijiyoyi akwai wani sinadari da suke kira LPL, aikinsa ya sauke maiƙon nan ya miƙa wa tsoka ta ƙona, ko a kai ma'ajiya. Su ne 'yan dakon.

“Yanzu Alhaji, a ce rumfarka 'yan dako 5 gare ta, ta abokinka 20. Da bazara mota ɗaya ko biyu ke shigowa a wuni. Wa zai gane bambanci?”

Na ce babu.

“Da kaka fa?”

Ban amsa ba, don na sha ganin abin da idona: layin motoci tun daga bakin kasuwa har titi, direbobi na zage-zage, kaya na kwana a mota.

Ya ce yawan 'yan dakon nan da ƙwazonsu, da yawan lodin da hanta ke yi, duk a rubuce suke cikin ƙwayoyin halittar da mutum ya gada daga uwa da uba. Ƙiba kuma ita ce kaka. Kitsen da ke taruwa can cikin ciki, kewaye da hanji, kullum yana tsiyayar da maiƙo kai tsaye zuwa hanta, yana kuma sa jiki ya daina jin maganar insulin. Sai hanta ta ƙara lodi, 'yan dako kuma su ƙara sanyin jiki, don insulin ne ke zaburar da su. Lokacin da nake siriri gadon yana nan, ba a dai takura shi ba ne.

Ya ƙara da wani abin da ban taɓa ji ba. Wai an daɗe da lura cewa baƙar fata, ko da sun yi ƙiba, irin wannan maiƙon nasu bai cika hawa kamar na Turawa ba. Saboda haka in ya ga ɗan Afirka da 31, ba ya tsayawa a kan teɓa, sai ya leƙa gida. Ya jawo farar takarda da biro ya ce, “Mahaifinka yana raye?”

Mahaifinmu ya rasu a 1995, yana da shekara 52, ni ina da 17. Dogo ne siriri, bai taɓa ajiye teɓa ba, manomi kuma mai kiwo a wani ƙauye ta wajen Dukku. Ya dawo daga masallaci da asuba, ya ce wa Inna ƙirjinsa ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Zufa ta karyo masa cikin sanyin hunturu. Ya nemi ruwa. Kafin ta kawo ya tafi. A makon nan kuwa ana tsakiyar rigimar gonar gado tsakaninsa da ƙanensa, Baffanmu, har magana ta kai gaban alƙali. Ana gobe zai rasu an ji Baffa ya ce masa cikin fushi, “Za ka gani.” Ba wanda ya fito fili ya ce sammu ne, ba kuma wanda bai faɗa a ɗaki ba. Alƙali ya raba gona, mu muka tattara muka dawo Gombe wurin dangin Inna, zumunci ya mutu murus. Ni dai na riƙe wannan magana kamar yadda na riƙe sunana. Ko a mafarki ban taɓa tuhumarta ba. Har zuwa ranar da nake zaune gaban likitan nan, shekara 27 ban taka ƙofar gidan Baffa ba.

Na ba likita labarin, na cire zancen sammu don kunya. Ya ce ba a gwada mamaci ba, shi kuma ba zai rantse a kan abin da bai gani ba. Amma nauyin ƙirji da zufa da tafiya nan take, a wurinsu siffar bugun zuciya ce, wato toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini. Kuma duk namijin da wannan ya same shi kafin shekara 55, suna ɗaukar abin gargaɗi ne ga 'ya'yansa da 'yan'uwansa. Ya ce in kawo masa 'yan ɗakinmu.

Mu shida ne a wurin Inna. Kawo biyar ɗin nan sai da na yi da gaske. Adda, yayata, ta ce ita lafiyarta ƙalau, ba za ta je neman ciwo da kuɗinta ba, sai da na ce ni zan biya har da kuɗin keke napep. Ƙanena malamin firamare, wanda har yau keke yake tuƙawa zuwa makaranta, wanda iska mai ƙarfi za ta iya kada shi, dariya ya yi: “Hamma, ni a ina na ga kitsen da har zai shiga jini?”

Biyu suka fito tas. Adda, wadda ita ma jiki ya zauna mata bayan haihuwa, nata tiraigilisarayid 6. Autarmu, tiraigilisarayid da kolestarol duka biyun sun ɗan hau. Malam mai keke kuwa, irin maiƙona nasa daidai yake, amma kolestarol ɗin da ake kira LDL nasa 4.6, alhali an fi son a gan shi ƙasa da 3. LDL shi ne mai maƙalewa a bangon jijiya shekara da shekaru, kamar yadda laka ke cike kwata, ba ciwo ba alama, har ranar da hanya ta rufe. Wannan ƙanen nawa shi ya fi kowa kama da mahaifinmu, tsayin, wuyan, har yadda yake naɗe ƙafa in ya zauna. Da na ga takardarsa jikina ya yi sanyi fiye da ranar da na ga tawa.

Likita ya jera takardun ya ce wannan zubi sananne ne a wurinsu: gida ɗaya, wani kolestarol, wani tiraigilisarayid, wani duka biyun, wani ba ko ɗaya. 'Yata ta fari, da ke karatun sinadaran jiki a Jami'ar Jihar Gombe, ita ta zauna da ni dare biyu tana warware mini sauran. Ta ce a 1973 aka fara bayyana shi, a birnin Siyatil na Amurka, inda likitoci suka bi dangin mutanen da suka tsira daga bugun zuciya suna gwada jininsu. Kusan mutum 1 cikin 100 na ɗauke da shi. Ba ƙwayar halitta ɗaya ce ke kawo shi ba, tarin ƙanana ne, kowacce da ɗan abin da take ƙarawa. Shi ya sa rabon bai zo daidai ba tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, kamar a ce an ɗebi hatsi gauraye da hannu an zuba wa kowa a kwarya.

Akwai kuma wani nau'in daban, in ji ta, wanda ƙwaya ɗaya tak ke kawowa. Shi kusan mutum 1 cikin 250 yake kamawa, kolestarol na hawa tun mutum yana yaro ko da ƙashi da fata ne, kuma kowane ɗa da ya haifa ko ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Wani lokaci yana nuna kansa da ƙulli a agara, ko rawayan tabo a fatar ido. Wasu likitoci biyu na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, su suka gano ƙofar da hanta ke janye LDL daga jini ta cikinta, suka nuna cewa a masu wannan nau'in ƙofar ce ta samu tangarɗa. A kan haka aka ba su kyautar Nobel a 1985. Goldstein ɗin nan ma yana cikin waɗanda suka yi aikin Siyatil. Har sa'a ma gadonta ake yi. Wani bincike da ya fito a 2006 ya nuna cewa cikin baƙaƙen fatar Amurka da aka bi, kusan 1 cikin 40 na da wani canji a ƙwayar da ake kira PCSK9, wanda ya sa LDL ɗinsu ya yi ƙasa da kashi 28 cikin 100, ciwon zuciya kuma ya ragu musu da kashi 88 cikin 100 a tsawon shekara 15. Na ce to ga na maƙwabcina nan. Ta ce, “Baba, ba a gwada shi ba, kada ka ƙaga masa gado.” Ni ma ɗin ba a gwada ƙwayoyin halittata ba. Likita ya ce takardun gidanmu sun ishe shi ya fara magani.

A nan ne na yi wautar da na fi jin kunyarta. Kalmar gado ta zame mini matashin kai. Na ce ashe ba laifina ba ne. Abin da aka haife ka da shi, masa biyar ba za ta ƙara shi ba, barinta ba zai rage shi ba. Kaka ta zo, kasuwa ta buɗe, na koma kan benci da kwanona. Ƙwayoyin da aka ba ni sai in na tuna. A watan Disamba aka sake gwaji, 12.

Likita bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa ya yi, “Alhaji, 'yan dakonka biyar ne, ba za mu iya haifo maka wasu ba. Magani zai ƙara musu ƙwazo. Amma wa ke kiran motocin?” Ya ce wanda ya gaji abin shi ya fi kowa cin riba in ya rage kilo, shi kuma ya fi kowa asara in ya ƙara. Abokina zai iya ƙara kilo 10 takardarsa ta ɗan motsa kaɗan. Ni kilo 10 ne tsakanina da gadon asibiti.

Abin da ya fi ba ni mamaki a jerin da aka rubuta mini, kitse ba shi ne a sama ba. Suga ne. Ashe hanta na juya suga da ya yi yawa ya koma maiƙo, haka ma farar shinkafa tuli da burodi. Ni da nake ganin na yi ƙoƙari don na daina cin tantaƙwashi, ina nan ina shan shayi mai cokali huɗu da madarar gwangwani safe da dare, lemo kwalba uku a wuni, fura kuwa in ba a ji suga a cikinta ba ina mayar wa mai ita. Waɗannan na fara yankewa, kuma wallahi makon farko har ciwon kai na yi. Masa ta koma biyu maimakon bakwai. Uwargida ta ƙara wake da zogale da rama, mai ta koma auna shi da cokali, kifin Dadin Kowa ya koma gasasshe. Bayan sallar asuba nake zagaya filin wasa na Pantami da ƙafa, da farko minti 15 ina haki kamar wanda aka kora, daga baya minti 45. Azumin 2023 ya kusa mayar da ni baya, don buɗa-baki a gidanmu yaƙi ne: kunu mai suga, ƙosai, soyayyen dankali, soyayyiyar doya. Sai da na roƙi a riƙa zuba mini nawa daban a kai mini zaure.

Masu maganin gargajiya ma sun same ni, har rumfa. Kowa da garinsa mai “narkar da kitsen jini cikin kwana bakwai.” Na saya sau ɗaya, na yi kwana biyu ina zarya banɗaki, na ba yara suka zubar.

Zuwa ƙarshen 2023 sikelin buhu ya nuna 97. Ƙuguna ya sauko daga santimita 122 zuwa 104, har yanzu bai kai 94 da aka ce shi ne iyakar namiji ba. Tiraigilisarayid ya dawo 2.4, suga ya lafa. Amma LDL ɗina, wanda shi ma da ma ya ɗan hau, duk wannan wahalar kaɗan ya motsa. A nan na gane su biyun ba halinsu ɗaya ba. Ɗaya yana jin maganar tumbi, ka rage ya ragu. Ɗayan mai taurin kai ne, sai da aka haɗa mini da ƙwayar da ake kira sitatin sannan ya sauko. Malam mai keke, da ba shi da kilo ko ɗaya na zubarwa, shi ma ita yake sha kowane dare. Autarmu kuwa an ce ta jira, don tana da juna biyu a lokacin, ba a ba mai ciki. 'Yata ta gaya mini wani abin da har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya fara samo irin wannan magani a farkon shekarun 1970, kuma daga fumfuna ya same shi, fumfunar da ta fito a kan shinkafar da aka ɗebo daga wani shagon hatsi a birnin Kiyoto. Ni da na ƙare rayuwata ina yaƙi da fumfuna a sito.

Ramewa kuma tana da nata haraji. Wanda ya ce “hutu ya karɓe ka” jiya, yau shi ke jan ka gefe: “Alhaji, lafiya kuwa? Ko kasuwa ce?” Na ji an ce na karye. Na ji an ce wata cuta ce da ba a faɗa. Wani dillali har ya fara jan ƙafa wajen ba ni kaya bashi. Maƙwabcina kuwa yana nan da jikinsa, maiƙon jininsa har gobe lafiya lau, sai dai hawan jini ya kama shi, gwiwa kuma ta sa yanzu a kan kujera yake salla. Tare muke zagaya filin wasa wasu ranakun, yana tafe yana zagina.

Maganar Baffa ce na daɗe ina juyawa. Sai bayan ƙaramar Sallar 2024 na iya zama gaban Inna na faɗa mata abin da likita ya ce game da rasuwar mahaifinmu, da abin da takardunmu suka nuna. Tana tsinke zogale a faranti. Ba ta ɗago ba. Can ta ce, “Allah shi ya sani.” Bayan kwana biyu ta aiko jikarta da ƙullin goro da kwalbar turare, wai in na je in gaishe shi. Ba ta faɗi ko wane ne ba.

Na same shi a zaure kan buzu, ido ya yi yana, jiki ya ƙanƙance. Na yi sallama, ya ce wane ne. Na ce, “Ɗan Hammanka ne, Baffa.” Ya laluba ya kama wuyan hannuna, bai sake ba har na gama magana. Na yi masa bayanin motoci da 'yan dako, na ga bai shige shi ba, sai na ce masa kawai akwai wani abu a jininmu da ke toshe hanyar zuciya, kuma muna zaton shi ya ɗauki mahaifinmu.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, “Na san abin da ake faɗa. Ni da na ce masa za ka gani, gaban alƙali nake nufi.” Ya ce ai kakanmu ma haka ya tafi, bai yi furfura ba, a bakin rijiya ya faɗi yana shayar da shanu. Sai ya ce, “Ka ji rasuwar babban ɗana?” Na ji, a 2019, ban je gaisuwa ba. Yana da shekara 46, a kan babur ya dafe ƙirji ya gangara gefen hanya. “Da ya faɗi, mutanen gari suka ce alhakin ubanka ne ya kama ni,” in ji Baffa. “Har ni na fara yarda.”

Talatar da ta biyo baya na tura mota biyu. Mutum tara suka zo Gombe, 'ya'ya da jikoki, an gargaɗe su kada kowa ya karya kumallo. Baffa ya ce shi ma sai an ɗebi nasa, aka kamo shi aka sa a gaba. A ɗakin gwaji aka gano wani jikansa ya sayi ƙosai a tasha ya ci a ɓoye, aka ce ya dawo wani makon. Cikin takwas ɗin da aka gwada, uku sun fito da irin namu, ɗaya mai jiki, biyu sirara. Na Baffa ya fito tas. Ya sa na karanta masa takardarsa sau biyu, sannan ya ninke ta ya cusa a aljihun gaba, ya ce a kai shi ya gaida Inna kafin rana ta yi zafi.